Haqeeqat: Tarihin Shirya Fim A Kan Yaƙin Da Aka Sha Kaye

Gabatarwa

A cikin shekarar 1964 aka fara nuna wani fim mai suna Haqeeqat a gidajen silima na ƙasar Indiya. Wannan kalma ba baƙuwa ba ce ga kunnen Bahaushe, domin kuwa ita ce dai haƙiƙa, wadda Hausa da Hindi duka suka samo asalinta daga Larabci. Fim ɗin yana ba da labarin yaƙin da aka gwabza tsakanin Indiya da ƙasar Sin a kan duwatsun Himalaya a ƙarshen shekarar 1962, wato yaƙin da Indiya ta sha mummunan kaye a cikinsa.

Abin da aka saba gani shi ne ƙasa ta shirya fim a kan nasarar da ta samu, ta bar ranar kunyarta ga masana tarihi. Amma ga shi gwamnatin da aka kayar ta buɗe wa wani mai shirya fim yankin da aka yi yaƙin, ta taimake shi da sojojinta, tun hawayen iyalan mamata bai bushe ba. Manufar wannan lacca ita ce a bi diddigin yadda aka yi wannan aiki, a ga ko su wane ne suka yi shi, sa'an nan a auna wace haƙiƙa suka iya faɗa, wace ce kuma suka bari a rufe.

Asalin rikicin

Tushen rigimar gado ne na mulkin mallaka. Turawan Ingila sun bar Indiya a 1947 ba tare da an daidaita iyakarta ta arewa ba. A wajen gabas akwai layin da ake kira da sunan Sir Henry McMahon, wanda aka zana a taron Simla na 1914 tsakanin wakilan Ingila da na Tibet, Sin kuwa ba ta taɓa amincewa da shi ba. A wajen yamma akwai Aksai Chin, wani tudun hamada mai tsananin sanyi, mai faɗin murabba'in kilomita kamar 38,000, wanda Indiya ke cewa yankin Ladakh ne, Sin kuma ke cewa nata ne.

Da farko wannan saɓani bai hana zumunci ba. A 1954 ƙasashen biyu suka sa hannu a kan yarjejeniyar Panchsheel, mai ƙunshe da sharuɗɗa biyar na zaman lumana. A 1955 Firayim Minista Jawaharlal Nehru da takwaransa Chou En-lai suka zauna tare a taron Bandung na ƙasashen Asiya da Afirka. A titunan Delhi ana ta rera taken "Hindi-Chini bhai-bhai", ma'ana Ba'indiye da Basine 'yan'uwan juna ne.

Abubuwa uku suka lalata wannan zumunci. Na farko, Sin ta gina hanyar mota wadda ta ratsa Aksai Chin don ta haɗa Sinkiyang da Tibet, Indiya kuwa ba ta farga ba sai bayan an gama aikin a 1957. Na biyu, a watan Maris na 1959 Dalai Lama ya gudu daga Tibet, Indiya ta ba shi mafaka, abin da ya ɓata wa Sin rai ƙwarai. Na uku, bayan da shawarwarin da Chou En-lai ya zo yi a Delhi a watan Afrilu na 1960 suka watse ba a cimma kome ba, sai gwamnatin Nehru ta ɗauki wata manufa a ƙarshen 1961 ta tura ƙananan sansanonin soja gaba, zuwa cikin yankunan da ake jayayya a kansu. Waɗannan sansanoni na mutane kaɗan ne, galibinsu ba hanyar mota da ke kai wa gare su, sai dai a jefa musu abinci daga jirgin sama. An yi haka ne bisa zaton cewa Sin ba za ta kai musu farmaki ba.

Wata ɗaya na yaƙi

Ran 20 ga Oktoba 1962, daidai lokacin da hankalin duniya ya koma kan rikicin makamai masu linzami na Kyuba, sojojin Sin suka kai farmaki gabas da yamma a lokaci guda. Sojojin Indiya da yawa an kwaso su ne daga ƙasa mai zafi, ba su saba da ƙarancin iskar kan dutse ba, ba su da isassun tufafin sanyi, kuma bindigarsu tsohuwar raiful ce samfurin .303 wadda aka gada daga Turawa. Ministan Tsaro, V. K. Krishna Menon, ya rasa kujerarsa tun yaƙi bai ƙare ba. Kafin ƙarshen mako na uku na Nuwamba sojojin Sin sun kusa gangarowa filayen Assam, mutanen garin Tezpur suna ta gudu, Nehru kuma ya rubuta wa Shugaba Kennedy na Amurka yana neman taimakon jiragen yaƙi. Ran 21 ga Nuwamba Sin ta tsagaita wuta don ra'ayin kanta, ta janye daga gabas, ta riƙe Aksai Chin. Ƙididdigar gwamnatin Indiya ta nuna an kashe mata soja 1,383, an nemi 1,696 an rasa, an kuma kama 3,968.

A cikin wannan duhu akwai wuri ɗaya da Indiyawa suka riƙe a matsayin abin alfahari, shi ne Rezang La, wata mashiga ta dutse mai tsayin ƙafa kamar 16,000 a kudu maso gabashin Ladakh, wadda ke tsare hanyar filin jirgin sama na Chushul. Ran 18 ga Nuwamba wani kamfani na Bataliya ta 13 ta rundunar Kumaon, mutum kamar 120 a ƙarƙashin Manjo Shaitan Singh, ya fuskanci mayaƙan da suka ninka shi yawa, ba tare da taimakon igwa ba. Mutum 114 suka mutu a wurin. Sai a watan Fabrairu na 1963 aka kai ga gawawwakinsu, aka same su sanyi ya daskarar da su a cikin ramukansu. An ba Shaitan Singh lambar Param Vir Chakra, wadda ita ce mafi girma ta jaruntaka a Indiya, bayan rasuwarsa. Daga wannan labari ne Haqeeqat ya ɗebo ruhinsa, ko da yake an sauya sunaye, an kuma ƙara abubuwa da yawa na ƙirƙira.

Waɗanda suka shirya fim ɗin

Wanda ya rubuta labarin, ya ba da umarni, ya kuma ɗauki nauyin shiryawa shi ne Chetan Anand, yayan shahararren ɗan wasa Dev Anand. Ya yi aikin koyarwa a makarantar Doon kafin ya shiga harkar fim. Fim ɗinsa na farko, Neecha Nagar, wanda ke magana a kan zaluncin mai kuɗi ga talakawa, yana cikin waɗanda suka sami babbar kyauta a bikin farko na Cannes a Faransa a 1946.

Abin lura shi ne irin mutanen da ya tara. Balraj Sahni, wanda ya fito a matsayin Manjo Ranjit Singh, ɗan ra'ayin gurguzu ne, kuma jigo a ƙungiyar wasan kwaikwayo ta IPTA, wadda aka kafa a 1943 da goyon bayan Jam'iyyar Kwaminis ta Indiya. Kaifi Azmi, wanda ya rubuta waƙoƙin fim ɗin, mawaƙin Urdu ne, Musulmi, kuma ɗan wannan jam'iyya. M. S. Sathyu, wanda ya tsara wuraren wasa, shi ma da wannan ƙungiya ya yi tarayya, haka kuma Chetan Anand kansa a farkon rayuwarsa ta fim.

Ga mutane irin waɗannan, Sin ba ƙasar waje ba ce kurum. Ita ce ƙasar Asiya da manoma suka yi juyin juya hali a cikinta, suka kori danniyar baƙi. Silimar Indiya ma ta daɗe tana girmama ta. A 1946 V. Shantaram ya shirya Dr. Kotnis Ki Amar Kahani, labarin wani likita Ba'indiye da ya tafi Sin a 1938 don jinyar masu yaƙi da Japan, ya auri Basiniya, ya rasu a can a 1942. Khwaja Ahmad Abbas, wanda ya sa hannu a rubutun wancan fim, yana kuma cikin marubutan Neecha Nagar. Saboda haka yaƙin 1962 ya sami waɗannan mutane a wuri mai ciwo. Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, ta tsare 'yan kwaminis da yawa bisa zargin goyon bayan abokan gaba, jam'iyyar kuma ta dare gida biyu a 1964, wato shekarar da fim ɗin ya fito. Wanda ya kalli Haqeeqat da sanin wannan zai gane dalilin da ya sa ɗacin cin amana ya fi kome ƙarfi a cikinsa, zai kuma gane cewa masu shirya shi suna da bukatar nuna wa jama'a inda biyayyarsu take.

Sauran 'yan wasan sun haɗa da Dharmendra, wanda a lokacin yake tasowa, shi ne kuwa daga baya 'yan kallo a gidajen silima na Kano suka laƙaba wa suna Sarkin Ƙarfi. Akwai Vijay Anand, ƙanen Chetan, da Jayant, da Sanjay Khan. Jarumar kuwa, Priya Rajvansh, wannan ne fim ɗinta na farko bayan ta koyi wasan kwaikwayo a Landan, kuma har ta bar sana'ar ba ta fito a fim ɗin kowa ba sai na Chetan Anand. Madan Mohan ne ya tsara kiɗan, shi ma ya taɓa yin aikin soja a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu.

Aiki a Ladakh

A wancan zamani al'adar masu shirya fim na Bombay ita ce su gina dutse da daji a cikin ɗakin ɗaukar hoto, in kuwa an fita waje sai a nufi lambunan Kashmir don waƙar soyayya. Chetan Anand ya dage sai an je Ladakh. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Garin Leh kansa yana kan tsayin ƙafa kamar 11,500, inda mutum ke haki in ya yi 'yar tafiya kaɗan. Hanyar mota daga Srinagar takan bi ta mashigar Zoji La, wadda dusar ƙanƙara ke toshewa wata da watanni. Bugu da ƙari yankin yana hannun soja, ba a buɗe shi ga masu yawon buɗe ido ba sai a 1974. Babu yadda ayarin 'yan fim da kyamarori zai shiga wurin, ya sami abin hawa da masauki da makamai da kayan sarki, in ba da yardar hukuma da taimakon rundunar soja ba. An kuwa ba da wannan taimako, kuma an sadaukar da fim ɗin ga Nehru, wanda ya rasu ran 27 ga Mayu 1964, da kuma sojojin da suka ba da rayukansu.

An ɗauki fim ɗin da baƙi da fari, a lokacin da manyan finafinan Bombay suka fara komawa ga launi. Wannan ya yi amfani ta hanya biyu. Ya fito da ƙeƙasasshiyar ƙasar Ladakh yadda take, duwatsu tsirara ba itace ba ciyawa, mutane kuma suna tafe a gindinsu kamar tururuwa. Har ila yau ya sa an iya saƙa hotunan labarai na gaske a tsakanin wasan, irin su na Nehru da na ziyarar Chou En-lai a Indiya, ba tare da ɗinkin ya fito fili ba. Ta haka ɗan kallo yakan wuce daga tarihi zuwa ƙirƙira bai ankara ba, abin da ya ƙarfafa da'awar da sunan fim ɗin ke yi.

Abin da fim ɗin ya nuna

Labarin na wata ƙaramar rundunar soja ce da ke tsaron iyaka. An umarce su kada su fara harbi, suna ji suna gani abokan gaba na ƙaruwa a gabansu. Da farmaki ya zo, aka yanke su daga sauran runduna, suka shiga ja da baya a ƙasa ta cikin duwatsu, ga yunwa ga sanyi. Kyaftin Bahadur Singh, ɗan wani Birgediya, tare da Angmo, budurwar Ladakh da yake so, suka tsaya su biyu suna tare abokan gaba don 'yan'uwansu su sami tsira. Dukansu suka mutu, waɗanda suka tsaya dominsu ma akasarinsu ba su kai gida ba.

A nan ne gaskiyar fim ɗin take. Babu nasarar ƙarya da aka liƙa a ƙarshensa. Sojan da aka nuna mutum ne mai gajiya, mai jiran wasiƙa daga gida, mai tunanin matarsa. Akwai wata waƙa da sojoji ke rerawa bayan sun galabaita, kowa yana zato a ransa halin da iyalinsa za su shiga in an kai musu labarin mutuwarsa, wadda Mohammed Rafi da Talat Mahmood da Manna Dey da Bhupinder Singh suka haɗu suka rera. Waƙar ƙarshe kuwa, wadda Rafi ya rera shi kaɗai, wasiyya ce ta mamatan ga waɗanda suka rage, kuma ta zama ɗaya daga cikin waƙoƙin da akan sa a ranakun bukukuwan ƙasa a Indiya. Rundunar da aka nuna ta haɗa mutane na addinai da yankuna dabam-dabam, daidai da irin Indiyar da Nehru ke fatan ginawa.

Abin da aka bari a rufe

Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski. Fim ɗin ya nuna soja ba su da yawa, ba su da kayan aiki, amma bai tambayi wanda ya tura su can a cikin wannan hali ba. Manufar tura sansanoni gaba, da kuskuren masu leƙen asiri, da naɗa Janar B. M. Kaul, wanda ba shi da gogewar jagorancin yaƙi, ya riƙe fagen gabas, da shawarar ƙin amfani da jiragen yaƙi, duk ba su sami wuri a cikinsa ba. Bayani ɗaya aka bayar, shi ne cin amana. Sau da yawa ana nuna sojojin Sin suna maimaita taken 'yan'uwantaka ta lasifika alhali suna shirin kisa. Su kansu ba a ba su fuska ko tarihi ko hujja ba, taro ne kawai mai kwararowa daga kan dutse.

Lalle ne Sin ce ta kai babban farmakin ran 20 ga Oktoba, kuma ta daɗe tana shirinsa. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A daidai lokacin da ake shirin fim ɗin, rundunar sojan Indiya ta riga ta sa Laftanar Janar Henderson Brooks da Birgediya P. S. Bhagat sun binciki musabbabin kayen, sun kuma miƙa rahotonsu a 1963. Gwamnati ta kulle rahoton a matsayin asiri. Ɗan jaridar nan Neville Maxwell, wanda ya dogara da shi wajen rubuta littafinsa India's China War na 1970, shi ne ya saki wani babban sashe nasa a intanet a 2014, aka ga irin laifin da ya ɗora wa manyan hafsoshi da manufar tura sansanoni gaba. Ashe ke nan hukuma ta taimaka an fito da haƙiƙa ɗaya a majigi, ta kuma sa ɗaya a cikin akwati ta kulle.

Akwai kuma waɗanda ba a ambace su ba sam. Bayan ɓarkewar yaƙin, gwamnati ta kwashe mutane kamar 3,000 'yan asalin Sin mazauna Indiya, daga Assam da Darjeeling da Kalkata, waɗansunsu ma a can aka haifi iyayensu, ta tsare su a sansanin Deoli a jihar Rajasthan. Waɗansu ba a sake su ba sai a 1967. Fim ɗin da ya nuna Basine a matsayin maci amana tun asali bai sauƙaƙa wa irin waɗannan mutane zama a cikin maƙwabtansu ba.

Bayan Haqeeqat

Fim ɗin ya karɓu ga jama'a da hukuma. A kyaututtukan finafinai na ƙasa na wannan shekara shi ya zo na biyu, bayan Charulata na Satyajit Ray, M. S. Sathyu kuma ya sami kyautar Filmfare ta tsara wuraren wasa. Chetan Anand ya sake komawa fagen yaƙi a 1973 da Hindustan Ki Kasam, a kan yaƙin 1971 da Pakistan, sa'an nan a 1988 ya shirya wa talabijin na gwamnati jerin wasanni a kan waɗanda suka sami lambar Param Vir Chakra. Ya rasu a 1997. Sathyu da Balraj Sahni da Kaifi Azmi kuwa sun sake haɗuwa a Garm Hava, wanda ya duba halin Musulmin da suka zauna a Indiya bayan rabuwar 1947, ya kuma yi tambayoyin da suka fi na Haqeeqat tsauri.

Tsarin da Haqeeqat ya kafa shi ne finafinan yaƙi na baya suka bi, wato ƙaramar runduna a gaban babba, da taimakon soja wajen ɗauka, da waƙar kewar gida. Ana ganin haka a Border na J. P. Dutta na 1997 da LOC Kargil na 2003. Sai dai waɗannan labaran nasara ne a kan Pakistan, don haka ihu ya fi yawa a cikinsu, juyayi ya ragu. Iyakar Ladakh kuwa ba ta huce ba. A watan Yuni na 2020 an yi arangama a kwarin Galwan, inda sojan Indiya 20 suka mutu, Sin kuma daga baya ta amsa mutuwar nata guda 4.

Kammalawa

Haqeeqat ya yi wa sojan da ya mutu a kan dutse adalci. Ya nuna wahalarsa ba tare da ƙawa ba, ya kuma ƙi mayar da kaye nasara, abin da finafinan yaƙi kaɗan ne suka iya yi a kowace ƙasa. Amma ya mayar da kayen ya zama labarin sadaukarwa da cin amana, ta yadda al'umma za ta yi kuka ba tare da ta tuhumi shugabanninta ba. Dalilan haka a bayyane suke: izinin shiga Ladakh da kayan aiki daga hukuma suka fito, zukata na da zafi, masu shiryawa kuma mutane ne da ake sa wa ra'ayinsu ido.

Ɗalibin tarihi zai amfana da wannan fim in ya ɗauke shi a matsayin shaida a kan halin da Indiya ke ciki a 1964, ya kuma nemi bayanin yaƙin 1962 a wurare dabam. Ma'aikacin gwamnati kuwa, wanda wata rana za a kawo takarda gabansa ana neman izini ko taimako don a ba da labarin wani abu da ya faru a ƙasa, ya kamata ya tuna cewa abin da hukuma ta taimaka aka nuna da abin da ta kulle, su biyun ne ke haɗuwa su zama abin da jikoki za su sani. Indiyawa da yawa sun haddace waƙar ƙarshe ta Haqeeqat, amma rahoton da ya bayyana dalilin mutuwar waɗanda ake yi wa waƙar, sai da aka yi fiye da shekara 50 kafin wani sashe nasa ya fito fili, shi ma ba ta hannun gwamnati ba.